Kabar da Kawu Bai Kwance Ba

Ranar Laraba da hantsi Allah ya karɓi ran Kawu, kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma, babu mai tsayawa jiran wani. Da muka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka zaunar da ni kusa da liman, don 'ya'yan Kawu duk mata ne, ni kuwa ɗan ƙanwarsa ne, a hannunsa na tashi bayan rasuwar ubana. Duk wanda ya zo sai ya kama hannuna ya ce, "Ya haƙuri?" in ce, "Da godiya."

Masu manyan riguna ba su yi yawa a zaman makokin nan ba. Waɗanda suka cika unguwa 'yan dako ne daga tasha, da masunta da ƙarnin kifinsu, da 'yan fito da suka ɗaure jiragensu a bakin kogi suka hawo a ƙafa, da matan da ke dakan shinkafa suna shigewa cikin gida ɗaya bayan ɗaya. Kowa in ya gama addu'a sai ya nuna wani wuri a jikinsa. Wannan ya dafa wuya, wancan ya dafa kwankwaso. Wani tsohon ɗan dako ma miƙewa ya yi a tsakiyar jama'a, ya sunkuya har ya taɓa yatsun ƙafarsa, ya ɗago yana hawaye ya ce, "Kun ga wannan? A kan asabari aka kawo ni gidan nan." Sai da liman ya ce masa ya zauna haka nan, an gani.

Can sai wani dattijo daga cikin 'yan fito ya nisa ya ce, "Hannu ne da Allah ya yi wa baiwa. Duk tsawon ransa sau ɗaya ya taɓa yin kuskure."

Na kusa da shi ya ce, "Maganar masuncin nan na wajen Guri."

"Ita fa. To, ɗan Adam ajizi ne. Allah ya yafe masa."

Kowa ya ce amin. Ni ma na ce amin, na sunkuyar da kai kamar mai jimami, alhali kunya ce ta hana ni ɗagowa. Kawu bai yi kuskuren nan ba. Ni na yi shi, ya ɗauka ya aza a kansa, na bar shi da shi shekara goma sha takwas har ya shiga ƙasa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, da ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci da furfurata.

Kawu maɗori ne, ya gaji ɗori wurin ubansa. Amma karaya ba kullum ake yin ta ba, yawancin masu zuwa zaurensa mutanen da aiki ya ci musu baya ne. Ba ya tambayar mutum ina ke masa ciwo. In ka yi sallama zai ce, "Koma bakin ƙofa ka tako in gani." Kana takowa yana kallon ƙafarka, kafin ka iso ya ce, "Kai buhun gyaɗa kake ɗauka, kuma kullum a kafaɗar hagu." Ko ya ce, "Kai masunci ne, a kan gora kake wuni cikin ruwa." Da wuya ya faɗi ba daidai ba. Yana cewa kowace sana'a da inda take cizo: ɗan dako a wuya, ɗan fito a kafaɗa, masunci da mai yankan shinkafa a kwankwaso.

Daga nan sai ya kwantar da kai rub da ciki a tabarma, ya ɗumama man shanu a ɗan kasko, ya bi gadon bayanka da babban yatsa, gaɓa bayan gaɓa, idonsa a rufe. In ya zo inda abin yake ba sai ka faɗa ba, jikinka ne zai zabura. Ya yi ta tausa har wurin ya saki. Sa'an nan ya juya ka gefe, ya naɗe maka ƙafa ɗaya, ya dafa kafaɗarka, ya jefo maka wata tambayar banza. "Wai surukarka haƙoranta nawa suka rage?" Kana cikin tunanin amsa sai ka ji ƙas. Na ga ƙattin da ke ɗaga buhu biyu sun kurma ihu suna kiran uwarsu, suka tashi suna dariya suna murza ƙugu. Ya kan ce da su, "Da na ce maka ga shi nan zan yi, da ka ƙanƙame, mu wuni muna kokawa."

Ba mutum ne mai sanyin baki ba, kada addu'ar makoki ta rufe wannan. In ka zo da ciwon da ka bari ya kwana biyu, sai ya wanke ka tas kafin ya taɓa ka. "Jaki ma ana sauke masa mangala, kai wane irin dabba ne?" Mata kuwa ba ya taɓa su sai da mijin ko uwar a zaune, kuma yawanci matarsa, wadda muke kira Iya, ita yake nuna wa wurin ta danna, shi yana daga bakin ƙofa yana ba da umarni kamar mai tuƙa jirgi.

Amma abin da aka fi saninsa da shi a Haɗejiya kaba ce. In ya gama gyara mutum, sai ya tsago zare ɗaya na kaba, ya ɗaura masa a ƙugu a kan riga inda kowa zai gani, ya ƙulla. Ma'anarta ita ce mutumin nan yana hannun maɗori. Kwana bakwai ba zai ɗaga abin da ya fi buta nauyi ba. Ran na bakwai zai dawo, Kawu ya sake bin bayan da yatsa, in ya gamsu ya kwance da hannunsa, in bai gamsu ba ya ƙara kwanaki. Babu mai kwance ta sai shi. Wasu na zaton laya ce, har ana cewa wanda ya tsinke ta zai gurgunce. Kawu ya kan yi tsaki ya ce babu wani tofi a jikinta, kabar da ake saƙa tabarma ce.

Na taɓa tambayarsa to amfanin me take. Ya ce, "Hannuna rabin aiki ne, hutu ne sauran rabin. Talaka kuwa ba shi da bakin da zai ce wa ubangidansa zan huta. Kabar ce bakinsa." Haka kuwa abin yake. Sarkin dako in ya ga kaba a ƙugun yaronsa sai ya ce ya zauna ya yi gadin kaya. Mai gona ya haƙura. Har matan gida ba sa cewa mai kaba ya ɗauko musu tulu.

Ni kuwa a shekarun da Turawa ke yaƙinsu na biyu aka yi ni helma, wato shugaban leburori, a aikin hanya. Jinga ake tayarwa a cikin fadama don mota ta riƙa wucewa ko da ruwa ya zo, kuma dole a gama kafin kogi ya kawo. Kowane bulama, wato mai gari, da yawan mutanen da zai turo. Daga fitowar rana zuwa la'asar mutum na ɗauke da kwanon sarki cike da jar ƙasa, ya hau jinga ya juye, ya sauko ya sake cikawa. An ba ni gajeren wando na kaki da usur, ni kuma in faɗa maka gaskiya kaina ya kumbura har hula ta daina shiga. Ina tafe ina busa usur ko babu dalili. In mutum ya gaishe ni da "Helma" sai in ji kamar an naɗa mini rawani.

Aikin nan ya ci bayan mutane ba kaɗan ba. Kullum da la'asar sai ka ga layi a ƙofar Kawu, da safe kuma in tarar da masu kaba zaune a gindin giginya suna kallona. Yau uku, gobe biyar. Ran nan na tafi gidan Kawu a fusace, ko zama ban yi ba na ce, "Kawu, kabarka ta cika mini wurin aiki. Rabinsu lafiyarsu ƙalau, lalaci ne."

Yana tsaga kaba bai ɗago ba ya ce, "Ka taɓa bayansu?"

Na ce, "Ba aikina ba ne."

"To ni na taɓa. Ka je ka rage musu cikon kwano, ka ga in kaba ba ta ragu ba."

Na ce ai ba ni na kafa dokar cikon kwano ba, akwai na sama da ni. Ya ce, "Kowa da na sama da shi, ɗan nan. Ni ma akwai wanda zai tambaye ni bayin Allahn da suka kwanta a tabarmar nan." Na fita ina gunaguni. Kwana huɗu ban je gaishe shi ba, har Inna, mahaifiyata, ta tare ni ta ce in ban je ba kada in ƙara cin tuwonta.

Cikin mutanen da aka turo mana daga wajen Guri akwai wani masunci, dogo, marar magana, bai fi shekara talatin ba. Ruwa ya sani, bai saba da kaya a ka ba. Ran nan ya sunkuya zai ɗaga kwano sai ya tsaya a haka, ya kasa miƙewa. Aka kai shi wurin Kawu. Ni na raka su, don haka da kunnena na ji. Kawu ya daɗe a kan bayan nan, bai yi tambayar suruka ba, bai kuma murɗa shi ba, tausa kawai ya yi masa a hankali. Da ya ɗaura kabar ya ce, "Wannan ba na wasa ba ne. Ko ran na bakwai ban yi alkawarin kwancewa ba. Ko takalminka kada ka sunkuya ɗauka." Ya dube ni ya ce, "Ka ji dai." Na ce na ji.

Ran na uku aka aiko cewa Bature mai duba hanya na tafe, zai ƙirga mutanen da ke kan aiki. Helman da ke gaba da mu an riga an karɓe masa usur don an tarar da mutanensa a zaune. Na duba gindin giginya na ga mutum shida. Biyar 'yan gari ne, sun san Kawu, sun san ba a wasa da kaba, in na matsa musu kafin azahar labari ya kai zaurensa. Masuncin nan kuwa baƙo ne, kuma ya ɗan ji sauƙi har yana tafiya a miƙe. Na kira shi gefe.

Na ce, "Na biyo ta wurin Kawu da safe. Ya ce naka ya kamu, ka kwance ka shiga aiki."

Ya dube ni ya ce, "Helma, ai ya ce shi zai kwance."

Na ce, "Kawuna ne, a gidansa na tashi. Aiko ni ya yi."

Ya sa hannu ya warware ƙullin, ya naɗe kabar ya cusa a aljihu, ya ɗauki gammo. A raina cewa nake kwano biyu ko uku ne kawai, Bature na wucewa in ce ya mayar. Mutum ɗaya ma me zai ƙara a ƙirga? Har yau ban san amsar ba. Tsoro ne kawai da son usur.

A kwano na huɗu, yana tsakiyar hawan jinga, ƙafarsa ta ɗan zame a laka. Ba wata babbar faɗuwa ba ce. Ya yi ƙoƙarin tare kwanon kada ya zube, jikinsa ya murɗe, sai ya sulale ya zauna. Na iso ina masifa ina cewa ya tashi. Ya ɗago ya ce, "Helma, ƙafafuna fa ba na jin su." Muryarsa ko rawa ba ta yi, kamar yana ba ni labarin wani. Bature kuwa bai ma zo ran nan ba, motarsa ta kafe a hanya.

Da aka kai shi zaure, Kawu ya bi bayan nan da yatsa sau uku, ya cire hannunsa. Ya tsikari tafin ƙafar da tsinke, ko motsi. Bai tambayi kowa inda kabar take ba, don mai ciwon a lokacin ba ya cikin hayyacinsa, ni kuwa na riga na zame na koma wurin aiki.

Bayan kwana biyar yayyensa suka iso a jirgi, su uku, babban nasu riƙe da mashin kifi. Aka taru a ƙofar mai unguwa, aka ɗauko masuncin a gadon kara aka ajiye a tsakiya. Mata na leƙe ta zaure, cikinsu har da Inna. Mai unguwa ya ce da shi ya faɗi yadda aka yi, tsakaninsa da Allah. Ya ce, "Ni dai Baba maɗori ya ɗaura mini kaba ya ce kwana bakwai. Ran na uku helma ya ce Baba ya aiko shi in kwance. Na kwance." Ya laluba aljihu ya fito da ita, a naɗe yadda ya sa ta.

Duk ido ya dawo kaina. Babban wan ya gyara riƙon mashinsa. An riga an ce in laifin helma ne sai gaban alƙali, kuma kowa ya san inda maganar za ta ƙare. Na buɗe baki ban san me zai fito ba. Kawu ya dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da yake wa mai takowa daga bakin ƙofa. Ya ɗan waiwaya wajen zaure inda ƙanwarsa take. Sai ya ce, "Ni na aike shi."

Mai unguwa ya ce, "Malam, kai da kanka? Ran na uku?"

"Ni na aike shi. Na zaci ya kamu, ashe bai kamu ba. Yaro saƙo ya kai."

Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ran nan tsuntsun yana tsaye a bushe da wandon kaki, ruwan ya sauka a kan wani. Babban wan ya zazzaga wa Kawu maganganun da ba zan iya rubutawa ba, dattijo mai furfura, a gaban 'ya'yansa mata. Da dattawa suka shiga tsakani aka ce ƙaddara ce, maɗori ba Allah ba ne, Kawu ya ce a bar masa marar lafiyar a zaurensa, shi zai yi jinyarsa. Yayyen suka yarda, don su ma ba su da yadda za su yi da shi a bukkar bakin ruwa.

Damina biyu mutumin nan ya yi a zauren Kawu. Kawu ke juya shi safe da yamma kada jikinsa ya yi gyambo, shi ke ɗaukarsa a baya ya kai shi bayan gida, tsoho da ƙato. Iya ke wanke tsummansa. Mutanen gari suna gani suna cewa alhaki ne ke cin maɗori. Ni kuwa sai na sauya hanya, in zan gaida Kawu in zagaya ta ƙofar baya kamar ɓarawon akuya. Masuncin in ya ji muryata ya kan ɗaga tasa ya ce, "Helma, ba a shigowa a gaisa?" Bai taɓa riƙe ni da komai ba, a ganinsa ɗan aike ne ni.

Ina nan ranar da jikinsa ya yi tsanani, Inna ce ta tilasta mini zuwa. Ya kama hannun Kawu ya ce, "Baba, kada ka sa abin nan a ranka. Na yafe maka duniya da lahira." Kawu ya ce, "Na gode, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ina tsugune a bakin ƙofa, taku biyu tsakanina da su. Da na ce kalma uku a lokacin, da mutumin nan ya san wanda zai yafe wa ko ya ƙi yafewa, haƙƙinsa ne. Ban ce ba. Kafin la'asar ya cika.

Ba sunan Kawu kaɗai na ɓata ba, kabar ma na kashe ta. Masuntan wajen Guri suka daina zuwa. Masu karaya suna zuwa, amma masu ciwon baya da yawa suka koma wurin masu ƙaho da masu sayar da jiƙo a kasuwa. Waɗanda suka zo aka ɗaura musu kuwa, iyayen gidansu suka sami bakin magana. "Kwance ka ɗauki buhu, ai shi mai kabar ma kwana uku yake yi." Da kunnena na ji wani sarkin dako ya faɗa a tasha. Abin da tun zamanin kakanmu babu mai taɓawa, na mai da shi abin ciniki saboda Baturen da bai ma zo ba. Kawu ya ci gaba da ɗaurawa. Sai dai daga ranar ya kan riƙe hannun mutum ya ce, "Ni ba na aike. Ko uwarka ta ce na aiko ta, ka zo ka gan ni." Mutane suka ɗauka darasin kuskurensa ne ya koya.

Bai taɓa yi mini maganar ba. Ranar sunan ɗana na fari shi ya yi huɗuba. In Iya ta yi dambun kifi sai ya ce a ajiye wa helma nasa. Wallahi da zagina yake yi da na fi samun sauƙi.

Sau ɗaya muka kusanci maganar. Bayan an gama hanya an sallame mu, na koma noman shinkafa kamar kowa, usur ɗin ma yara suka ɓatar. Wata kaka na ɗaga dami sai bayana ya riƙe, aka kawo ni zauren nan a kan jaki. Kawu ya ce, "Sauke shi ya tako in gani." Na tako a karkace. Ya ce, "Ashe helma ma yana da baya." Ya kwantar da ni a tabarma, daidai inda masuncin ya yi damina biyu. Ina jin yatsansa na bin gaɓoɓina, sai kuka ya ƙwace mini, ba na ciwo ba. Fuskata a cikin tabarma na ce, "Kawu, maganar nan ta mutumin Guri."

Yatsan ya tsaya. Ya ce, "Ƙashin da ya kamu a karkace, ka san yadda ake gyara shi?"

Na ce a'a.

"Sake karya shi ake yi. Uwarka tana da rai, ba za ta iya da wannan karayar ba. In ta kau, kai ka san abin da ya rage maka. Ni ba zan tuna maka ba." Kafin in ce wani abu ya naɗe mini ƙafa, na ji ƙas. Ya ɗaura mini kaba, na yi kwana bakwai cur, na dawo ya kwance da hannunsa.

Inna ta rasu shekara shida da suka wuce. Shekara shida Kawu na zaune a zaure, idonsa na raguwa, ina wucewa ina gaishe shi. Kullum sai in ce bari a gama girbi, bari a aurar da yarinyar nan, bari azumi ya wuce. Gaskiyar ita ce na saba da girman da ake ba ni. Har yabona ake yi, wai ɗan ƙanwa na gari wanda bai guji kawunsa ba lokacin da gari ya juya masa baya. Shi kuma ya cika alkawari, bai tuna mini ba ko da da ido.

Ranar sadakar uku, bayan an raba waina an shafa fatiha, na miƙe a gaban jama'a. Na ce ina da magana a kan mamaci. Na faɗi komai, da giginya, da Bature, da ƙaryar da na yi. Na ce Kawu bai aike ni ba, ni na aiki kaina. Na gama na tsaya ina jiran abin da zai biyo baya, ko tofin Allah tsine ne in karɓa.

Sai dattijon nan ɗan fito ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki. Ka ga ɗan halal, so yake ya ɗauke wa kawunsa ko a kabari."

Na ce wallahi gaskiya nake faɗa.

Ya ce, "Haba helma, ina wurin fa. Da kunnen nan nawa na ji ya ce shi ya aike ka. Mutumin da bai taɓa ƙarya ba, yau za ka ce ya yi ta a gaban mai unguwa?"

Liman ya jawo gefen rigata ya ce, "Zauna. Zafin rashi ne. Mamaci addu'a yake so, ba tone-tone ba." Har wani ya dafa kafaɗata yana sa mini albarka. Na zauna. Na bar gaskiya ta daɗe har ta zama ba ta da mai saye.

Da la'asar jama'a suka ragu, na shiga cikin gida. Iya na ɗakinta tana takaba, asabari a sake. Na tsuguna daga waje na yi sallama. Labarin ya riga ni shiga, mata sun kai mata. Daga ciki ta ce, "Abin da ka faɗa a waje, sake faɗa mini."

Na sake faɗa, ban rage komai ba.

Ta ce, "Shekara arba'in da ɗoriya ina gidan nan, ban taɓa ganin ya aiki mutum a kan kaba ba. Na yi ta mamakin ran nan. Ashe."

Na ce, "Iya, ki yafe mini wahalar da na sa ki, da wankin nan na damina biyu."

"Wanki ba komai ba ne, ruwa ne da toka." Muryarta ta sauya. "Ka san abin da na yi? Wata rana muka yi faɗa da kawunka, a kan abin da bai kai ya kawo ba, a kan gyaran danga. Raina ya ɓaci na ce masa, kai da ka gurgunta ɗan mutane da gaggawarka, har kana da bakin yi wa wani faɗa a kan haƙuri? A tsakar gidan nan na faɗa, 'ya'yansa na ji. Ya dube ni, ya ɗauki butarsa ya fita. Ban taɓa ba shi haƙuri ba, don a zatona gaskiya na faɗa."



Ta ce, "Kai ka zo ka sauke naka a ƙofata. Ni nawa wa zan kai wa?"

Na ce, "Iya."

"Tashi ka je, ɗan nan. Ina takaba."

Na tashi. Ina jin kukanta ta bayan asabari har na kai zaure.